Ido ɗaya sabo, ɗaya tsoho: yadda aka cire mini yana a Garwa

Sana'ata sayar da yadi ce a babbar kasuwar Garwa da ke arewacin Kamaru, shadda da atamfa da leshi da yadin maza, kuma duk wanda ya taɓa wannan sana'a ya san ido ne jarinta na farko. Mace za ta zo da ɗan ƙyalle ƙulle a bakin gyale ta ce a nemo mata irinsa, kai kuwa dole ka rabe shuɗi mai duhu da baƙi, ka rabe fari sol da farin da ya ɗan ja ruwan madara. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Nawa ya san kimar shekara da shekaru, sannan ya fara sakinta a hankali, kuma ta wajen launi ya soma.

Shuɗi ne ya fara gudu. Na haura shekara hamsin da 'yan kai lokacin da yaron shagona ya fara raɗa mini a kunne, "Alhaji, wannan ba baƙi ba ne," idan na miƙa wa mai saye bandir ɗin shadda mai ruwan bula mai duhu. Shunayya ta koma mini wani abu tsakanin toka da ruwan ƙasa. Farar shadda kuwa duk sai na riƙa ganin ta ɗan yi rawaya, ko da ranar aka kwance ta daga leda. A lokacin ina gane fuskar mutum daga nesa, ina ƙirga kuɗi, ina hawa mashin ɗina, don haka babu wanda zai ce ina da ciwon ido.

Daga baya sauran alamun suka biyo. Fitilun mashina da dare a kan titin Rumde Ajiya suka riƙa fashewa a idona, kowace da zobe kewaye da ita. Sai kuma wani abu da tsofaffi da yawa ke murna da shi: na wayi gari ina karanta Alƙur'ani ba tabarau, bayan na shekara fiye da goma ba na iya karatu sai da shi. Mutanen masallacinmu suka ce gani ne ya dawo. Likita daga baya ya ce wannan sananniyar alama ce ta irin yanar da ke farawa daga tsakiya: gilashin da Allah ya halitta a cikin ido yana ƙara tauri, ƙarfinsa na tara haske ya canza, sai abin kusa ya fito na nesa ya dushe, kuma ba ya ɗorewa.

Akwai alama guda da ban ji wani ya taɓa faɗa ba, ita ce ma ta sa nake wannan rubutu. Muna da 'yar fitilar duba kuɗi a shago, irin mai ba da haske shunayya, wadda kusan kowane babban ɗan kasuwa ya ajiye, musamman tun da BEAC, babban bankin ƙasashen Afirka ta Tsakiya, ya fitar da sababbin takardun sefa a watan Disamba na 2022 mutane suka ƙara taka-tsantsan. Duk lokacin da na sunkuya na duba takardar jaka goma, wato sefa dubu goma, a ƙarƙashinta, sai wani hazo mai haske ya cika mini ido gaba ɗaya, ba a kan takardar ba, a cikin idon. Yaron shago ya ce shi ba ya ganin wani hazo.

Da ganin idon dama ya ragu sosai, masu ba da shawara suka yi yawa. Mafi yawansu sun nuna mini masu aikin gargajiya da ke zagayawa gari-gari, waɗanda ke soka wani tsinke a gefen ido su tura yanar ta faɗa can ƙasan ido. Ina da dalilin ƙi. Wani dattijo a unguwarmu ta Yelwa an yi masa haka, ya ga haske 'yan makonni yana ta godiya, daga nan idon ya yi ja, ciwon kai ya hana shi barci, ƙarshe ganin ya tafi ɗungurungum. Ba na zagin kowa, aiki ne da aka gada tun zamanin da babu wani abin da ya fi shi. Amma yanar da aka tura ciki tana nan cikin ido, tana iya jawo kumburi da hawan jinin ido, kuma ko an dace, an bar ido ba gilashi, sai mutum ya rataya tabarau mai kaurin gaske kafin ya gane fuskar ɗansa.

Na tafi asibiti da sassafe tare da babban ɗana. Karɓar kati da jira ba su da wani labari. An zaunar da ni gaban allo mai wata alama mai ƙafa uku, ana nuna ta ina faɗin inda ƙafafun suka fuskanta, tunda ba kowa ke karanta boko ba. Da idon hagu na sauko layi da yawa. Da na dama babbar ta sama kaɗai na gani, daga nan ma'aikaciyar jinya ta koma ɗaga mini yatsu. Ta auna hawan jinin ido, ta ɗiga mini maganin da ke buɗe ƙofar tsakiyar baƙin ido, ta ce da Fulatanci, "Baba, ka zauna a inuwa, yau rana za ta dame ka." Gaskiyarta, har la'asar ban iya kallon farin bango ba.

Likita ya sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura mai siririn haske, ya daɗe yana leƙawa. Ya ce yanar dama ta nuna, ta yi ruwan ƙasa, ta hagu kuma tana tafe amma da saura. Na tambaye shi ko akwai maganin ɗigawa da ke narkar da ita, domin ana tallarsa a kasuwa. Ya ce babu, a duk duniya, aiki ne kaɗai maganinta. Ya tura ni gwajin sukari da na hawan jini, domin ciwon sukari na gaggauta yana kuma yana hana rauni warkewa da wuri. Sai awo biyu da na ga sun fi komai muhimmanci a wajensu: lanƙwasar gaban ido, da tsawon ido daga gaba zuwa baya, wanda a yawancin manya yake kusan milimita 23 zuwa 24. Da waɗannan ake lissafa ƙarfin gilashin roba da za a dasa wa mutum, kowa da lambarsa.

Ranar aiki ban ji tsoron wuƙa ba kamar yadda na ji tsoron allura. Ana yin ta ne a gefen ido, ta ƙasa, ba a cikin ƙwayar ba, kuma zafinta bai kai yadda na ƙiyasta ba. Bayan ɗan lokaci gefen fuskar ya yi nauyi, idon ya daina motsi. Aka wanke kewayensa da wani magani ruwan ƙasa, aka lulluɓe ni da ƙyalle mai rami ɗaya daidai idon, aka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido a buɗe. Ina jin duk abin da suke faɗa da Faransanci. Ina jin ruwa mai sanyi na gangarowa wajen kunnena, da ɗan dannawa jefi-jefi, ba ciwo. Abin da nake gani haske ne kawai yana juyawa, wani lokaci ja wani lokaci shuɗi. Na riƙe salati a zuci, tunda an ce kada in motsa baki, kada in yi tari ban faɗa ba.

Yadda aka bayyana mini, ana yin 'yar ƙofa ta milimita shida zuwa bakwai a farin ido daf da baƙin, a sassaƙe ta yadda za ta rufe kanta ba ɗinki. Gilashin ido yana zaune ne cikin wata siririyar jaka, sai a buɗe gaban jakar a zaro ƙwayar mai tauri, a wanke ragowar, a bar jakar a wurinta, a zura sabon gilashi a ciki. Akwai wata hanyar da ake farfasa yanar da na'ura a zuƙe ta ta ƙofa ƙarama fiye da haka, amma irin tawa mai tauri an fi zaro ta ɗungum. Kafin in gama natsuwa na ji likita ya ce, "Alhaji, an gama."

Tun kafin a shiga na roƙi a nuna mini abin da aka cire. Ma'aikaciyar ta kawo mini shi a kan auduga, na duba da idon hagu. Ɗan ƙaramin abu ne mai faɗi, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, launinsa kamar ƙaron da ya daɗe a jikin itace, rawaya mai duhu a gefe, tsakiyar ta kusa zama baƙa. Ta cikin wannan nake zaɓar wa amare launin kayan lefe. Na daɗe ina kallonsa kafin ta ɗauke.

Na kwana da bandeji. Washegari da aka ɓare shi, abin da na fara gani rigar ma'aikaciyar ce, fara amma tana walƙiyar shuɗi. Bangon ɗakin ma haka, hasken taga ma haka. Na ce, "Likita, komai ya yi shuɗi, lafiya kuwa?" Ya ce lafiya lau, kusan kowa haka yake faɗa. Shekara da shekaru rawayar gilashin tana tare shuɗin haske, ƙwaƙwalwa kuma tana ƙara masa ƙarfi don ta cike giɓin ba tare da mutum ya sani ba. Yanzu an ɗauke rawayar rana ɗaya, ƙwaƙwalwa ba ta riga ta rage ƙarin da take yi ba. Ya ce cikin makonni zuwa 'yan watanni za ta daidaita, kuma haka aka yi.

Dokokin bayan aiki sun fi aikin kansa wuya. Maganin ɗigawa sau da yawa a yini, ana rage shi mako-mako har kusan wata guda. Ba murza ido, ba kwalli, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba zama inda hayaƙin murhu yake, da dare kuma a ɗaure murfin roba kada hannu ya kai cikin barci. Ruwa kada ya shiga idon, don haka na tambayi limaminmu yadda zan yi da alwala da sujada a kwanakin farko, ya nuna mini sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalura, na yi salla a zaune da nuni har likita ya ba da izini. Wanda zai iya zaɓar lokaci, ina ba shi shawara ya kauce wa tsakiyar hunturu, domin ƙurar Garwa a watan Janairu ba ta barin ido mai rauni ya huta.

A wannan zaman gida na gano cewa ina ɗauke da idanu biyu masu shekaru daban. In rufe dama in duba da hagu, in rufe hagu in duba da dama. Farar rigata ta Juma'a, da hagu ruwan madara ce, da dama fara sol har da alamar bular da uwargida ke sa mata wajen wanki. Harshen wutar gas, da hagu ɗan dishi-dishi mai ja zuwa kore, da dama shuɗi tsantsa mai kaifi. Sama bayan la'asar, wadda na daɗe ina ɗauka ƙura ce ta dusar da ita, ashe tana nan da launinta. Ja da rawaya ba su canza sosai tsakanin idanun biyu ba. Duk bambancin ya taru ne a ɓangaren shuɗi da shunayya.

Ɗan ƙanena da ke koyar da kimiyya a lise, wato makarantar sakandare, shi ya warware mini dalilin, ranar da na koma shago. Ya ce, "Baffa, ɗauko fitilar duba kuɗin nan mu shiga sito." Muka ja ƙofa, ya kunna ta a cikin duhu. Da idon hagu, hazon nan da na sani ya taso ya cika ko'ina. Da idon dama babu hazo ko kaɗan, ga fitilar tsaf, shunayyarta ta fi yadda na taɓa saninta haske, ga 'yan zarurrukan cikin takardar kuɗi suna ƙyalli ɗaya bayan ɗaya.

Bayaninsa, wanda na ƙara bi na tabbatar, shi ne wannan. Haske tafiya yake zango-zango, kuma tsawon zangon ne ke ba da launi. Ana auna shi da nanomita, wato a raba milimita gida miliyan a ɗauki ɗaya. Idon ɗan Adam na ganin abin da ke tsakanin kusan 400 da 700: ja a dogon gefe, shunayya a gajeren gefe, yadda suke jere a bakan gizo. Bayan shunayya hasken bai ƙare ba, akwai ultrabayolet. Wani Bajamushe mai suna Johann Ritter ne ya gano shi a 1801, da ya ga wani sinadarin azurfa ya fi saurin yin baƙi a can bayan shunayya, inda ido ba ya ganin komai. Na kusa da shunayya, daga 315 zuwa 400, shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na ultrabayolet ɗin rana da ke isowa ƙasa, kuma shi fitilar duba kuɗi ke fitarwa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tantanin bayan ido, inda hoto ke sauka, yana iya jin wannan hasken. Hana shi isa wurin ake yi. Fatar nan garau da ke gaban baƙin ido tana tare mafi gajeren zango, ƙasa da 300, shi ya sa mai walda da ya yi aiki ba kariya yake kwana da raɗaɗi a gaban ido. Abin da ke tsakanin 300 da 400 kuwa gilashin cikin ido ne ke shanye shi, da wani sinadari mai ɗan rawaya da ke cikinsa tun ana yaro. A idon ƙaramin yaro gilashin garau yake, har akwai 'yar kafa wajen 320 da ɗan hasken ke silalewa ta ciki ya kai baya. Kafar tana tsukewa da shekaru, kafin mutum ya kai 30 ta kusa rufewa.

Daga nan rufewar ba ta tsayawa. Gilashin ido ba ya zubar da tsohon jikinsa yadda fata ke yi, sabon ɓawo yake ƙarawa a kan tsoho har mutuwa, tsakiyarsa kuwa ita ce wadda aka haifi mutum da ita. Wancan sinadari mai rawaya yana manne wa furotin ɗin ciki, yana taruwa, launin na ƙara duhu. Sai iyakar abin da ake tarewa ta riƙa matsowa: ta gama da ultrabayolet, ta ci shunayya, ta shiga shuɗi. Ƙofar tsakiyar baƙin ido ma tana ƙanƙancewa da tsufa. Idan aka haɗa biyun, hasken da ke isa bayan idon ɗan shekara 60 bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke isa na ɗan shekara 20 ba. Wannan yana faruwa ga kowa, ko likita bai kira abin yana ba tukuna.

Hazon fitilar fa? Tsohon gilashi idan ya sha ultrabayolet ba ya riƙe shi duka, yana mayar da wani ɓangare a matsayin haske mai shuɗi-kore da ido ke gani, kuma wannan ƙyallin yana ƙaruwa da shekaru. Wato gilashin idona na hagu shi kansa yake haskawa daga ciki. Irin aikin da zarurrukan takardar kuɗi ke yi ke nan a ƙarƙashin fitilar, kuma shi ne sirrin garin sabulun wanki da ke sa farin kaya ya yi ƙal a rana: an zuba masa sinadarin da ke shan ultrabayolet ya mayar da shi shuɗi. Takardar rubutu ma ana sa mata, shi ya sa jabun kuɗin da aka buga a kanta ke haskawa gaba ɗaya, ta gaske kuwa da aka yi da auduga jikinta ba ya haskawa. Shekaru ina amfani da wannan wajen kama jabu, sai a ranar na san dalilinsa.

Na tambayi likita a komawa ta gaba ko yanzu idona na dama yana ganin ultrabayolet ɗin. Ya ce a'a, gilashin da aka dasa mini an haɗa shi da abin da ke tare shi, kamar yadda ake yi wa kusan dukansu tun shekarun 1980. Abin da ya dawo mini shi ne shunayya da shuɗin da tsohon gilashi ya cinye. Masu ganin ultrabayolet da gaske su ne waɗanda aka cire wa gilashi ba a sa wani ba. Su kan ga fitila irin tawa da haske sosai, fari-fari mai ruwan shuɗi ko shunayya, har zuwa wajen zango 310. Haka kowa yake fita daga aikin yana a da. Shahararren mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, an yi masa aikin idon dama a 1923 yana da shekara 82, ya yi ta kukan cewa launuka sun rikice masa, shuɗi ya mamaye komai. Sai a 1949 wani likitan Ingila, Harold Ridley, ya dasa gilashin roba na farko a asibitin St Thomas da ke Landan, bayan ya lura a Yaƙin Duniya na Biyu cewa ɓarɓashin robar murfin jirgi da ya shiga idon matuƙa yana zama ciki ido bai ƙi shi ba.

Wannan ya ƙara mini dalili a kan aikin tsinke. Wanda aka ture wa yana ba a dasa masa komai ba, ban da dishi-dishin gani, an cire masa garkuwar da ke tsakanin rana da tantanin bayan idonsa, a gari irin namu da ke kusan digiri 9 kacal arewa da tsakiyar duniya, inda rana ke tsayawa bisa kai. Rawayar nan da ta ɓata mini ciniki aiki take yi, tsare bayan ido take, sai dai tana biyan kuɗin tsaron da jikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 15 ne yana ta makantar, kuma kusan kashi 10 cikin 100 nasu mai yiwuwa hasken ultrabayolet ne sanadi. Wani bincike da aka buga a 1988 a kan masunta 838 na gaɓar Chesapeake a Amurka ya nuna waɗanda idonsu ya fi shan wannan haske sun fi kamuwa da irin yanar da ke farowa daga gefen gilashi. Da na ji haka, masuntan tafkin Lagdo da na bakin Binuwai na tuna, masu wuni a kan ruwa rana na dukansu ta sama, ruwa na mayar musu da ita ta ƙasa. Rana ba ita kaɗai ba ce, akwai shekaru, da ciwon sukari, da taba, da yawan shan wasu magunguna ba da izinin likita ba, amma ita ce wadda malafa ke rage wa ƙarfi.

Malafar ma mun bar wa makiyaya da manoma, mu 'yan birni muna ganin hular da ba ta da baki ta fi mutunci. Hula ba ta yi wa ido inuwa. Kuma abin ya fi damuna a kan yara, su da idonsu ya fi barin hasken ya wuce: 'yan talla da ke yawo da faranti tsakar rana a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, da almajirai, da jariran da ake goyo fuska a sama uwa na tafiya kasuwa. Jikokina yanzu ba mai fita da azahar kai a buɗe, jaririyar cikinsu kuma na sa a riƙa ja mata mayafi ya yi mata rumfa idan an goya ta.

Ganin nesa ya dawo mini sosai a dama, karatu kuwa sai da tabarau, domin gilashin roba ba ya lanƙwasawa ya bi kusa da nesa. An kuma gargaɗe ni cewa bayan jakar da aka bari yana iya yin hazo bayan shekaru, wanda ake buɗewa da hasken leza cikin 'yan mintuna ba tare da an sake yanka ba. Don idon hagu na tambaya game da wani gilashin dasawa mai ɗan rawaya, da ake yi don ya tare har wani ɓangare na shuɗi. Likita ya ce binciken da aka tattara bai nuna a fili ya fi garau ɗin kare bayan ido ba, kuma ya fi son idanun biyu su zama iri ɗaya. Ni ma haka na zaɓa, saboda sana'ata. A yanzu idan launi ya yi gardama a shago, rufe hagu nake in yanke hukunci da dama.

Saura batun baƙin tabarau, wanda aka ce in riƙa sawa a rana. Duhun gilashi ba shi ke tare ultrabayolet ba. Wanda ya yi duhu amma bai tare shi ba ma ya fi cutarwa, domin a inuwarsa ƙofar ido na ƙara buɗewa. Ana neman mai rubutun UV400, sai dai kowa ya san rubutu a jikin kayan kasuwa ba shaida ba ne. Ɗan ƙanena ya nuna mini gwaji mai sauƙi: a shimfiɗa jaka goma a wuri mai duhu, a kunna fitilar duba kuɗi, a sa tabarau ɗin tsakanin fitila da takarda. Idan zarurrukan da ke ƙarƙashin gilashin sun daina ƙyalli, yana tarewa. Idan suna nan suna haskawa, a mayar wa mai shi. Ba awon asibiti ba ne, amma yana fitar da mafi muni.

Na kira wani yaro mai yawo da allon tabarau a layinmu muka gwada kayansa ɗaya bayan ɗaya. Tsada ba ta nuna komai ba. Wasu masu araha na roba sun tare hasken tsaf, domin akwai irin robar da ita kanta ba ta barinsa ya wuce, wani mai kyan firam da ya fi su kuɗi kuwa ya bar takardar tana ƙyalli. Na sayi biyu cikin waɗanda suka ci gwajin, masu faɗin da ke rufe gefen ido. Yaron yanzu idan ya sari sababbin kaya yakan biyo ta shagona da su kafin ya shiga gari, mu ware masa waɗanda zai iya cewa na rana ne da gaske.